Hotunan da Gwaggo Ta Ɗauka

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya zaman garin mutane? Mu nan lafiya lau, sai Gwaggo da aka kwantar a asibiti aka yi mata aikin ido. Likita ya ce aikin ya yi kyau. Tana can tana yi wa masu shara faɗa wai ba sa kai tsintsiya ƙarƙashin gado, kin ga alamar sauƙi ke nan. Antinki da yara suna gaishe ki. Kunnena yana nan yadda kika san shi, shi ya sa har yanzu takarda ta fi mini waya. In kin kira "eh, eh" kawai nake cewa, ban san abin da na amsa ba.

Abin da ya sa na rubuto, rufin bayan shago ya ɓule, daidai saman kantar da Baba ya jera nagatif ɗin hotunansa, baƙaƙen ledojin nan da ake wanke hoto daga jikinsu. Kwalayen gefen bango sun sha ruwa. Na ɗaga nagatif ɗaya a haske, sai na ga fuskokin mutane sun narke sun haɗe da juna. Ga wani warin tsami da ke tashi. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Tun rasuwar Baba kike roƙona in ba gidan adana tarihin da kike yi wa aiki kayan nan, ni kuma ina cewa kayan gado ba sa barin gida. To, na sauko. Ni hoton fasfo da fotokwafi na sani, ba ni da ilimin raya su. Ga su nan na ba Dogo direba. Akwai tsohuwar kasuwa kafin ta ƙone, akwai ranar buɗe gada, da 'yan makaranta, da 'yan ƙwallo. Har yau mutane na zuwa su ce in duba musu hoton ubansu, ni kuma ban san ta inda zan fara ba. In kun sa su inda kowa zai gani, kun hutar da ni.

Akwai kwali ɗaya da aka ɗaure da jar igiya. Wannan na mata ne, na Gwaggo. A ƙarƙashin gadonta yake, ɗakinta ma yana yoyo, shi ya sa na haɗa da shi. Ki kula da shi daban.

Yayanki.

*

Yaya,

Amin wa alaikumus salam. Na ji daɗin labarin Gwaggo, Allah ya ƙara sauƙi. Ni ma lafiyata ƙalau, sai ɗan mura, saboda yini nake a ɗakin sanyi inda muke ajiye kaya. Ka gaishe mini da Anti da yarana.

Kaya sun iso, Allah ya saka da alheri. Da ka gan ni da ka yi dariya: farar safar hannu, takunkumi a hanci, ina share ƙura da ɗan buroshi mai laushi kamar mai yi wa jariri wanka. Waɗanda suka jiƙe mun rasa da yawa, amma mafi yawan sauran sun tsira. Kowanne sai na sa shi a na'ura ya shiga kwamfuta, sannan in ba shi ambulan ɗinsa. Na ga gidanmu tun ba a yi masa bene ba. Na gan ka kai ma, da gajeren wando da ƙaton kai, kana riƙe da kujerar da Baba ke zaunar da mutane.

Amma Yaya, kwalin nan mai jar igiya! Ranar da na buɗe shi ban ci abincin rana ba. Ban san Baba yana da irin wannan hannu ba. A sauran hotuna mutane a sandare suke kamar an kira su kotu. A nan kuwa mata ne a tsakar gidajensu, suna wanki, suna shayarwa, suna kallon kyamara kamar ƙawarsu ce. Akwai wata matashiya zaune a kan kifaffen baho, da ɗaurin ƙirji, rabin kanta an kitse rabi a tsefe, ta ƙyalƙyale da dariya har wushiryarta ta fito. Shugabar sashenmu ta daɗe a tsaye a kansa. Ta ce a duk abin da muke da shi babu inda aka ga rayuwar mata ta wancan zamani haka. Ka gode wa Gwaggo da ta adana wa Baba su.

Ka ce in kula da shi daban, to na kula. Shi za mu sa a gaba a baje kolin da za a yi, kuma duka za su hau shafinmu na intanet, kowa a duniya ya gani kyauta. Za a tura ni kwas wata ƙasa na ɗan lokaci, abokan aiki za su ƙarasa ɗorawa, in dawo daidai ranar buɗewa.

Taka,
Auta.

*

Auta,

Gaisuwa. Muna lafiya. An sallamo Gwaggo, idon ya buɗe.

Ki tsayar da maganar kwalin nan. Don Allah ki tsayar. Na sa Antinki ta kira ki, layinki ba ya shiga, ta kira ofishinku aka ce kin yi tafiya.

Gwaggo tana shiga ɗaki ta durƙusa ta lalubi ƙarƙashin gado. Ta ce, "Ina kwalina?" Na gaya mata. Ta zauna a ƙasa, ba a kan gado ba, ta ce, "Da izinin wa?" Ni tsoron ruwa na ji, ban tsaya na tambaye ta ba.

Ba Baba ne ya ɗauki hotunan nan ba, Gwaggo ce. Na zaci kin sani, na manta lokacin ba a haife ki ba. Matan da ba sa son zuwa shago su zauna gaban namiji, ita suke aika wa, ta rataya ƙaramar kyamarar Baba ta shiga gidajensu. Ta ce kowacce sai da ta yi mata alkawari: hoto ɗaya za a wanke, na mai shi, nagatif kuwa ba zai fita ɗakinta ba. Ko Baba bai taɓa ganinsu ba. Ita ke shiga ɗakin wanke hoto ta kulle ƙofa.

Da na ce ki kula da shi daban, nufina ki ajiye shi a rufe a ɗakin sanyin naku, kada ya lalace. Laifina ne da ban fito da maganar fili ba. Wasu daga cikin matan nan suna raye, muna haɗuwa da 'ya'yansu kullum a kan layi. Ki rubuto da zarar kin ga wannan.

Yayanki.

*

Yayana na kaina,

Sallama da gaisuwa. Na dawo lafiya. Wayata ta faɗa ruwa a can ta mutu, na sayi wata, sabuwar lambar tana bayan takardar nan. Ban ji daga gare ka ba, ina fata lafiya, ko Dogo ne ya sake lalacewa a hanya?

An buɗe! Yaya, zaure ya cika har ana tsaye a bakin ƙofa. An rubuta sunan Baba da manyan baƙaƙe a bango. Hoton mai wushirya shi ne a ƙofar shiga, an ƙara girmansa ya kusa kai tsawona. Da aka ce in yi magana na ce ni 'yar mai hoton ce, aka yi ta tafi. Wani dattijo ya tsaya gaban hoton tsohuwar kasuwa yana nuna wa jikarsa rumfarsu, yana share ido da hannun riga.

Shafin ma ya fara aiki. Mai kula da kwamfutocinmu ya ce bai taɓa ganin an shiga wani sashe kamar na matan nan ba. Ka gaya wa duk mai neman hoton ubansa ya duba a wayarsa. Ka nuna wa Gwaggo, tunda idonta ya buɗe ta sha kallo.

Yau dai na ji karatun da kuka sa ni bai tashi a banza ba.

Auta.

*

Auta,

Muna lafiya, alhamdu lillahi. Gwaggo ce ba ta cin abinci sosai.

Da alama wasiƙata ba ta same ki ba, don in ta same ki kika rubuto wannan, to ban san ki ba. Na sake maimaita miki a taƙaice: hotunan matan nan Gwaggo ce ta ɗauka, bisa alkawarin babu wanda zai gani.

Mai wushiryar da kuka kafa a ƙofa, Ungozoma ce. Ungozomar layin bayan asibiti, wadda ta karɓi haihuwata da taki da ta rabin unguwar nan.

Wani ya ciro hoton daga shafinku, ya yanke shi, ya rubuta a ƙasa, "Ni ke nan in maigida ya yi tafiya." Ya zama abin da yara ke tura wa juna a waya in suna raha. Har cikin wayar Antinki ya shigo, daga hannun wadda ba ta san ko wace ce ba. Amma tsofaffi sun gane ta, wushirya ba ta ɓuya. Jikarta ta dawo daga makaranta tana kuka, a bakinta tsohuwar ta ji.

Babban ɗanta, malamin lissafi, ya zo shago. Ina tsaka da ɗaukar wata mata fasfo, ya jira na gama. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mini. Ya ajiye wayarsa a kan kanta ya ce, "Ka san wannan?" Na ce na sani. Ya ce, "Uwata ce. Ni da na fito daga cikinta ban taɓa ganin kafaɗarta a waje ba, sai yau, tare da ɗalibaina." Ya ce, "Me muka yi wa gidanku?" Ya ɗauki wayarsa ya ce a gaida Gwaggo, ya fita.

Tun ranar Ungozoma ba ta leƙo ƙofar gida ba. Matar da ko ciwo take sai ta zaga ta duba masu jego. Mai kemis ma ya daina amsa gaisuwata, akwai hoton mahaifiyarsa da tsohon ciki. Yanzu ta bayan layi nake zuwa shago, in buɗe ƙofa rabi.

Ba zan ɓoye miki ba, akwai masu zuwa godiya. Wani makaniki ya ga ubansa karo na farko a rayuwarsa, ya rungume ni yana kuka. Ban iya jin daɗin ba.

Ki sauke su.

Yayanki.

*

Yaya,

Ban san da wane baki zan gaishe ka ba. Ina fata Gwaggo ta fara cin abinci.

Wasiƙunka biyu rana ɗaya suka zo hannuna. Ta farkon Dogo ya bar ta wajen mai gadi ina can wajen kwas, mai gadin ya sa a aljihun tebur ya tafi hutu. A tsaye na karanta su a bakin get. Na koma na ɗauko wasiƙar da ka haɗo da kayan. "Na mata ne, na Gwaggo." Ga shi a rubuce ƙarara. Abin da nake so ya zama shi na karanta. Kuma ko da Baba ne ya ɗauka, ai ina da ido. Na ga mata ba mayafi a tsakar gidajensu, ban tambayi kaina ko su waye ba, ko suna raye. A kwas ɗin da na je har darasi aka yi mana kan neman izinin mutane, na zauna a layin gaba ina rubutawa.

Na shiga wajen shugaba na gaya mata komai. Ta cire tabarau ta ajiye a kan tebur. Sannan ta ce, "Da kika ce kayan gidanku ne, ban ƙara tambaya ba. Ni ma da nawa laifin." Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Wani abokin aikinmu ya ce asara ce a rufe irin wannan tarihi saboda shirmen yara. Ta ce masa, "In uwarka ce fa?"

Mun sauke sashen matan gaba ɗaya daga shafi. Babban hoton ni na ciro shi daga bango da hannuna, mutane suna kallo, na naɗe shi fuskar tana ciki. Na tambayi mai kula da kwamfuta ko akwai yadda za a janyo wanda ya riga ya bazu. Ya girgiza kai. Ya ce wanda ya shiga wayoyin mutane ya shiga ke nan.

An ɗauke ni daga aikin shafin, an mayar da ni ɗakin sanyi. Daidai ne. Kwalin yana nan na mayar masa da igiyarsa. Shugaba ta ce na Gwaggo ne, abin da ta ce shi za a yi.

Yaya, in zo? Ina tsoron idon Gwaggo. Ina tsoron layinmu. In ka ce zuwana zai ƙara ɓata abu, zan zauna.

Auta.

*

Auta,

Lafiya lau muke. Gwaggo ta ɗan sha kunu jiya da na karanta mata wasiƙarki.

Ta ce ki zo, ki taho da kwalin, ki kuma wanko kowane hoto guda ɗaya ki sa a ambulan a rufe. Na ce mata kina jin kunya. Ta ce, "Ta zo da kunyar tata, nan ma akwai, sai mu haɗa." Ta ce ba ke kika yi wa matan nan alkawari ba, ita ce, don haka ita za ta shiga gaba. Amma ke za ki riƙe mata hannu, ke za ki ɗauki kwalin, gida gida, har a gama.

Ni ba zan iya shiga ba, iyakata ƙofa. Kada ki saya wa yara tsaraba, ba zuwan daɗi ba ne.

Yayanki.

*

Yaya,

Na iso lafiya, na koma aiki. Ka yafe mini na taho ban yi maka sallama sosai ba. Ka tambaye ni a ƙofar gidan Ungozoma me ya faru, na ce "ba komai." Ba zan iya faɗa ina kallon fuskarka ba, kuma sai na ɗaga murya kafin ka ji, a kan titi. Ga shi a rubuce.

Sauran gidajen ka ji wasu a bakin Gwaggo. Mahaifiyar mai kemis ta karɓi nata ta sa almakashi ta yanka a gabanmu, ni na riƙe mata gefe ɗaya. Inda masu hoton suka rasu, 'ya'ya mata suka yi ta kuka, wasu suka ce a ajiye a rufe, wasu suka ce a ƙara musu kwafi. Tsohuwa mai sayar da gawayi kuwa ta kalli nata ta ce, "Kai! Ashe na yi kyau haka? Ku mayar da ni, duniya ta gani, ku rubuta har yanzu ina nan." Ranar ce kawai na ji Gwaggo ta yi dariya. Waɗanda suka yarda su kaɗai za su koma shafi, kuma da sunan Gwaggo a ƙasa. Ta yi gardama, daga baya ta ce to.

Ungozoma muka bari ƙarshe. Mun same ta a ɗaki, labule a sake, da rana tsaka. Ta rame. Gwaggo ta fara magana, Ungozoma ta ɗaga mata hannu ta ce, "Ke zauna, ke da ni mun tsufa. Yarinyar nake son ji."

Na durƙusa. Duk abin da na shirya a mota ya gudu. Na ce, "Inna, ni ce na sa. Ba Gwaggo ba, ba Yaya ba."

Ta ce, "Miƙo."

Na miƙa mata ambulan. Ta ce in ɗage labule. Ta daɗe tana kallon hoton, ta kai shi kusa da ido, ta mayar nesa. Ta ce wa Gwaggo, "Kin tuna me ya ba ni dariya?" Gwaggo ta ce akuya ce ta ja zanen mai kitso. Ta ce, "Akuya ce." Bakinta ya ɗan motsa, amma ba ta yi dariyar ba. Ta ce, "Wannan yarinyar ba ta yi wa kowa laifi ba. Ranar ta ci jarrabawar aikin asibiti."

Sannan ta dube ni. Ta ce, "Auta, ni na fara ganinki a duniya, kafin uwarki. Ba ko zare a jikinki. Na ga uwarki a halin da ko ubanki bai gan ta ba. Matan garin nan babu wadda ban san sirrin jikinta ba. Kin taɓa jin na ba wani labari?"

Na ce a'a.

Ta ce, "To."

Shi ke nan abin da ta faɗa. Ni kuwa na kasa ɗaga kai, hawaye na ɗiga a kan ledar ɗakinta.

Ta karɓi nagatif ɗin ta sa cikin tsohuwar jakar aikinta ta zuge. Ta ce in ta mutu in zo in tambayi 'yarta, in ta ga dama ta bayar, in ta ga dama ta ƙona. Sannan ta ce in tashi, gwiwata za ta yi ciwo. Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban ga fuskar sake roƙo ba. Da za mu fita dai ta tambayi Gwaggo ko matar mai walda ta haihu, ta ce a gaya mata za ta leƙo. In ka gan ta a layi, don Allah ka rubuto ka gaya mini.

A motar dawowa na zauna kusa da wani mutum mai kaya masu tsabta, yana ta latsa waya yana murmushi. Idona ya faɗa kan wayar. Ita ce, Yaya. Da rubutun nan a ƙasa. Wani ne ya turo masa, yana shirin tura wa wani.

Na so in kau da kai. Na ce, "Malam, don Allah. Matar nan tana raye, tana da 'ya'ya da jikoki. Ba da saninta aka fitar da hoton ba."

Ya dube ni ya ce, "Ke kin san ta ne?"

Na ce, "Ni na fitar."

Ya ce, "Subhanallahi." Ya goge a gabana, ya kifa wayar a cinyarsa. Har muka iso ba mu sake kallon juna ba, shi da kunyarsa, ni da tawa.

Ka gaida Gwaggo, ka ce ta riƙa sa maganin idonta.

Ƙanwarka,
Auta.